Yadda Ake Zuwa Tarkwa Bay Daga Bauchi, a Ga Teku da Hasumiyar Fitila

Ɗan Bauchi da ya koyi iyo a dam ɗin Gubi, ko ya saba faɗawa ruwan Wikki duk hutun Sallah, yakan ɗauka ya san ruwa. Haka ma mutumin Gombe da ya taso yana zuwa Dadin Kowa. Ruwan da muka sani kwance yake, yana jiran mai shigarsa. Teku kuwa ba ya kwanciya: yana zuwa, yana komawa, yana jan rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka kana tsaye. Na kai iyalina da 'ya'yan ƙanena Tarkwa Bay a Legas, kuma tun da muka dawo mutane ke tambayata ta ina ake bi, me ake ɗauka. Ga amsar dalla-dalla. Burina duk wanda ya tafi da mutum bakwai ya dawo da bakwai ɗinsa, ya kuma ga abin da ya je gani.

Tarkwa Bay bakin teku ne a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa. Abin da ya bambanta shi da sauran gaɓar Legas shi ne duwatsu. Can da, yashi kan toshe mashigar har manyan jirage su kasa shiga, sai su tsaya a waje a riƙa sauke kaya da ƙananan jirage. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka fasa dutse a wajen Abekuta, suka kwaso shi a jirgin ƙasa, suka jera dogayen katangu cikin teku don su tsare mashigar. A shekarar 1914 babban jirgin wasiƙu ya fara shiga har ciki. Tsakanin biyu daga cikin katangun nan ne rairayi ya taru ya zama Tarkwa Bay, shi ya sa igiyar ruwansa ta fi ta ko'ina sauƙi. Ta bayan katangar yamma kuma akwai buɗaɗɗen teku da tsohuwar hasumiyar fitila wadda ta haura shekara 100.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Ka sa tafiyarka tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Daminar Legas ba irin tamu ba ce; tana kamawa tun Afrilu, ta yi tsanani a Yuni da Yuli, ta ɗan sarara a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. A watannin nan teku kan yi fushi, kuma hadari na iya tasowa kuna tsakiyar ruwa. Lokacin da hunturu ke busa mu a Bauchi, su can rana ce da ɗan hazo, ruwa kuma ya lafa.

Ranar ma ka zaɓe ta. Asabar da Lahadi da ranakun bukukuwan ƙarshen shekara wurin cike yake da samari da 'yan mata, ga kiɗa, ga giya, ga shigar iyo wadda ba za ka so ka zauna da surukarka kana kallo ba. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Mai iyali ya je ranar Talata ko Laraba da safe, zai samu wurin kusan nasa ne shi kaɗai, da masunta da yaran da ke hawan igiyar ruwa da allo.

Mataki na biyu: hanya

Daga Bauchi zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Mota takan bi Jos, Akwanga, Keffi, Abuja, Lokoja, Okene, Owo, Akure, Ibadan, sannan Legas. Wanda ya taso daga Gombe sai ya ƙara tafiyar wajen awa biyu a kai. Da yara, kada ka yi ta a zama ɗaya; ku kwana Abuja ko Lokoja, ku yi sammako. Ban ba kowa shawarar tafiyar dare ba. Mai hali ya hau jirgin sama daga filin Sir Abubakar Tafawa Balewa ko na Lawanti a Gombe, amma ya bincika tun da wuri, don sau da yawa sai an sauya jirgi a Abuja. Akwai kuma jirgin ƙasa daga Moniya a Ibadan zuwa Ebute Metta wanda ya fara aiki a 2021, yana tsayawa a Agege. Yara na son sa, kuma yana raba ka da cunkoson shiga Legas.

Kusan kowane gida a Bauchi yana da ɗan'uwa a Agege, Mile 12, Idi-Araba ko Obalende. Ka sauka wajen naka, ka huta kwana ɗaya cur kafin ranar teku. Wanda ya kwana biyu a mota ya faɗa jirgin ruwa washegari, jiri ne zai cinye masa ranar. Ka kuma roƙi wanda ya san gari ya raka ku, ya yi waya ya tabbatar jirage na zuwa a ranar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna yankin bisa zargin ana fasa bututun mai, dubban mutane suka rasa muhalli, kuma ma'ajiyar mai ta Atlas Cove tana nan kusa. Wuri ne da jami'an tsaro ke sa wa ido.

Mataki na uku: kaya

Ka ɗauki tsabar kuɗi, ƙananan takardu, ka raba su aljihu biyu. Za ka biya jirgi, ka biya kuɗin shiga, ka biya rumfa da kujeru, kuma ba ko yaushe waya ke samun sabis ɗin tura kuɗi ba. Ruwan sha ya fi komai. Ka lissafa wa kowa aƙalla lita biyu, don iskar teku na busar da maƙogwaro ba ka sani ba. Guzuri irin namu ya fi dacewa: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, burodi. Masa da miya a bar su sai an dawo gida, rairayi zai shiga ciki ko ka rufe da me. Ana sayar da kwakwa da gasasshen kifi a can, sai dai ka yi ciniki kafin a ɗora a wuta.

Sai leda mai kauri ta zuba waya da takardu, buta, sallaya ko tabarma, hula mai faɗi, kayan canji ga kowa, da ɗanyar citta ga mai tashin zuciya. Mata su zaɓi hijabi gajere da yadi mara nauyi. Dogon hijabi ko zanen atamfa idan ya jiƙe nauyi yake yi, ya nannaɗe ƙafa, kuma a cikin ruwa wannan kaɗai ya isa ya kayar da mutum. Maza a bar babbar riga a masauki.

Takalmi kuwa, kowa ya zo da mai igiya, mai ƙasan roba, wanda ke kama ƙafa. Silifas ba ya hawa duwatsun nan. Zan dawo kan wannan.

Mataki na huɗu: kwata da jirgi

Ana hawa jirgi daga CMS a Marina, ko daga tashar Five Cowries da ke Falomo a Ikoyi, inda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, LASWA, ke da ofishinta. Akwai wasu ƙananan kwatoci a Victoria Island. Daga Agege ko Mile 12 doguwar motar BRT za ta kai ka CMS ko TBS. In ka sauka a TBS, wato Dandalin Tafawa Balewa, ka tsaya minti biyar ka nuna wa yara dandalin: sunan ɗan garinmu ne a kansa, kuma a filin nan aka ɗaga tutar Najeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Yaron da ya taɓa zuwa kabarinsa a Bauchi zai ji wani abu a ransa.

Ku isa kwata kafin ƙarfe tara. Kada ka ba kowa kuɗi a bakin titi, komai daɗin bakinsa. Ka shiga ciki ka ga jirgin da idonka. Abu uku za ka daidaita da mai jirgi kafin kowa ya taka: kuɗin zuwa da dawowa, ƙarfe nawa zai zo ɗaukar ku, da lambar wayarsa, wadda za ka kira nan take ka ji ta yi ƙara a aljihunsa. In shatar jirgi ka yi, ka riƙe kuɗin dawowa sai ya dawo da ku.

Sannan rigar kariya, wadda suke kira laif jaket. Doka ce, amma ko ba doka ka sa ta. Ka duba igiyoyinta da maɓallanta, ka ɗaure tamau. Ga yaro, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta zame ta rufe masa kunne, ta yi masa yawa, a cikin ruwa zai sulluɓe ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Ranar da muka je, rigunan da aka fara miƙo wa yaranmu na manya ne. Ƙanena, da yake ya saba da Legas, ya ce, "Yaya, tafiyar ba ta kai minti ashirin ba, mu je haka." Na ce masa, "Auta, minti ɗaya ma ya isa." Muka jira jirgi na gaba mai ƙananan riguna, kuma ban yi da-na-sanin rabin awar nan ba. Haka nan in ka ga an cika jirgi har gefensa na shafar ruwa, ka sauke iyalinka.

A cikin jirgi yara su zauna tsakiya, babba a gefe, ba mai tsayuwa ɗaukar hoto. Za ku bi ta mashigar da manyan jiragen dakon kaya ke bi zuwa tashoshin Apapa da Tin Can. Idan ɗaya ya wuce, igiyar da ya bari za ta ɗaga jirginku ta sauke. Ku riƙe benci, direba ya san yadda zai yanke ta. Mai jin jiri ya tauna citta ya kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa.

Mataki na biyar: ka zauna ka karanci ruwa

Sau da yawa cikin ruwa mara zurfi ake sauka, don haka ka naɗe wando tun kafin a iso. Ka kama rumfa, ka ajiye mutum ɗaya mai gadin kaya, ka ƙirga yara da ƙarfi kowa ya ji adadinsu. Daga nan yara za su so rugawa. Hana su. Ku zauna minti goma sha biyar kuna kallo kawai.

Abin da za ku gani: igiyar ruwa ba ta zuwa iri ɗaya. Ƙanana za su yi ta zuwa har ka saki jiki, sai manya uku ko huɗu su biyo juna su haura inda sauran ba su kai ba. Teku kuma yana cikowa ya janye sau biyu a kwana ɗaya, wajen awa 12 da minti 25 tsakanin cikowa da cikowa, saboda jan da wata ke yi masa, kuma abin ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren goma sha huɗu. Inda ka shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa da azahar. Ka duba layin da ruwa ya bar tarkace da bawon katantanwa a kan rairayi, ka zauna sama da shi.

Abin da ya fi kashe mutane ba ya kama da haɗari ko kaɗan. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, sai ya tattaru ya bi wata siririyar hanya da gudu zuwa cikin teku. A ido, wurin ya fi ko'ina kwanciya: igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya ɗan fi duhu ko ya gurɓace da yashi, kumfa na tafiya ciki maimakon waje. Baƙo yakan ce ga inda ya dace da yara. Nan ne bai dace ba. Irin wannan jan ruwa ya fi son gefen katangar dutse, don haka ba a iyo kusa da duwatsu. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, gwanin iyo ma gajiya zai yi. Ya kwanta rigingine ya huta, ya ɗaga hannu ya yi ihu, ya yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga hanyar, sannan ya juyo. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa ceto in ba aikinsa ba ne. Ya jefa jarka ko rigar kariya, ya kira yaran wurin masu allo, ya buga 112 ko 767. Sau nawa muka ji an je ceton mutum ɗaya an rasa biyu.

Dokar gidana mai sauƙi ce: wanda bai iya iyo ba, ruwa kada ya wuce gwiwarsa, yaro kuma hannunsa na cikin na babba. Ba a juya wa teku baya, ko don hoto.

Mataki na shida: duwatsu

Mu 'yan Bauchi da duwatsu muka tashi, yaranmu na hawa su da gudu. Waɗannan dutse ɗaya ne da namu, amma an tara su ne bisa juna, da ramuka a tsakani masu haɗiye ƙafa har cinya. Ka dubi launinsu. Fari-fari busasshe, ruwa bai kai nan ba, ana iya takawa. Baƙi mai sheƙi, igiya na zuwa nan, kuma za ta sake zuwa. Kore mai gansakuka ya fi sabulu santsi. Ƙasa-ƙasa kuma akwai bawon kumba manne da dutse, yana yanka kamar reza. Wanda ya yanke ya wanke da ruwan sha mai tsabta ya ɗaure, kada ya raina ciwon.

Ku hau hannu biyu a sake, waya a aljihu, babba gaba babba baya, yara a tsakiya, kuna bin tsakiyar katangar. Tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo su tsaya a rairayi. Ba sai kun kai ƙarshe ba. Daga inda kuka tsaya za ku hango jiragen ruwa jere a nesa suna jiran izinin shiga, ta gabas kuma dogayen benayen Eko Atlantic. Ka gaya wa yara alaƙar: teku na tafiya da yashi daga yamma zuwa gabas, katangun nan suka tare shi, sai ya taru a wannan ɓangaren, ɗaya ɓangaren kuma teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru, har aka zo aka cike wurin aka gina sabon birni a kai. Dutsen da aka jefa shekara 100 da suka wuce shi ya sauya fuskar Legas.

Mataki na bakwai: hasumiya

Ana zuwa da ƙafa, ta ɓangaren da ake kira Lighthouse Beach. Ku tafi a ƙungiya, da ɗan wurin da mai rumfarku ya sani, ku daidaita ladansa tun farko, ku kuma tafi kafin rana ta take, don rairayin kan ƙona ƙafa. A wannan ɓangaren babu katangar da ta tare muku teku. Kallo ake yi, ba a shiga. Hasumiyar tana can baya da bakin ruwa. In kun tarar da mai gadi ko jami'i, ku yi sallama, ku nemi izini kafin hoto ko shiga, in ya ce a'a ku gode masa. Kada a doshi wajen bututun mai ko shingen sojoji.

Ɗan ƙanena ya ɗaga kai ya dube ta ya ce, "Baffa, masallaci ne?" Tambayar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Larabawa kalma ɗaya suke kiran hasumiyar masallaci da ta teku, manara, wato inda ake ɗora haske. Ta masallaci na kiran mutane da murya, wannan na kiran jirage da fitila. Na bayyana masa yadda take aiki: fitila ce a sama cikin gilashi mai zobba-zobba, irin wanda wani Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya ƙirƙiro a shekarun 1820, yana tattara hasken da zai watse ya mai da shi tsinke ɗaya mai tafiya nesa. Kowace hasumiya da irin ƙiftawarta, ta yadda matuƙi cikin dare zai ƙirga ya san gaɓar wane gari ke gabansa. Wadda ta fi shahara a tarihi ita ce ta Iskandariyya a Masar, a tsibirin Faros. Ibn Batuta ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya zube, da ya dawo a 1349 ko ƙofarta ba a iya kaiwa. Yanzu jirage na da na'urorin tauraron ɗan'adam, amma na tsaya ina tunanin mutanen da suka yi shekaru suna hawa matakala kowane magariba don wasu da ba za su taɓa ganin fuskarsu ba su isa gida. Ina ganin ginin ya cancanci kulawa fiye da wadda yake samu, kuma abin ya dame ni, kamar yadda robobin da teku ke amayowa a gaɓar suka dame ni. Naku sharar ku ƙulle a leda ku dawo da ita.

Sallah da dawowa

Alwala ba matsala ba ce. An tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Imamu Malik ya ruwaito hadisin. Ka ɗebo a buta ka koma tudu, kada ka tsuguna a bakin igiya. Alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, buɗaɗɗen teku yana hannun damanka. Legas tana yamma da mu, don haka azahar na shiga wajen minti 25 bayan ta Bauchi. Kada ka bi agogon da ke kanka. Wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana kan ƙasaru.

Da la'asar sakaliya ku fara naɗe tabarma. Ba a tafiyar ƙananan jirage da dare, kuma jirgin ƙarshe shi ne wanda kowa ke turereniya a kansa. Ka kira mai jirginka awa ɗaya kafin lokaci, ka sake ƙirga yara a rumfa, ka ƙirga a bakin jirgi, a sake ɗaura riguna kamar da safe. In hadari ya haɗo, ku jira ya wuce ko da za ku makara.

A masauki kowa ya yi wanka da ruwan daɗi, a ɗauraye takalma da zip ɗin jaka, don gishiri na cin ƙarfe cikin kwanaki kaɗan. Yaranmu sun cika gorar roba da ruwan teku don Goggo, wadda ta ce ba za ta yarda akwai ruwan da ya fi miya gishiri ba sai ta ɗanɗana. In naku ma sun yi haka kuma jirgin sama za ku hau, a ɗaure bakin gorar da leda a sa ta cikin babbar jakar da ake aunawa, don ba za a bari ta shiga a hannu ba.